Wanda bai kai ni iya kombo ba, me ya sa kullum shi ke cinye ni?

"Assalamu alaikum. Ina buga Street Fighter 6 da Tekken 8 a wani shagon gem da ke wajen Bauchi Road a nan Jos. Na haddace kombo masu tsawo, kwamfuta ma ko an kai ta matakin ƙarshe ina cinye ta. Amma akwai wani yaro da ke zuwa shagon, bai iya rabin abin da na iya ba, duka uku ko huɗu kawai yake maimaitawa, kuma kullum ni ke tashi in miƙa wa wani pad. Da ya kai ni lungu shi ke nan. In na tare ya kama ni, in na yi ƙoƙarin ɓalle kamun ya ja baya ya zuba mini. Kamar yana ganin abin da ke raina. Wannan baiwa ce ko koyonta ake yi? Ta ina zan fara?" Daga wani mai karatu a Anguwan Rogo.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Koyonta ake yi, kuma babu wani asiri a ciki. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: me ya sa gwanintar yatsu ba ta isa ba, kuma ta yaya mutum ke gane abin da abokin karawarsa zai yi tun bai yi ba. Kombo, wato jerin duka da ke bin juna ba a iya tarewa in na farko ya shiga, lada ne da ake karɓa bayan an buɗe mutum. Kai ka ƙware wajen karɓar ladan, yaron nan kuma ya ƙware wajen buɗewar, kuma kombon da ke cin rabin jini ba ya tsinana komai in dukan farko bai shiga ba. Kwamfuta ba za ta koya maka wannan ba, domin ba ta jin tsoro, ba ta fushi, ba ta riƙe abin da ka yi mata a turmin da ya wuce a zuciya.

Abin da ido ke kamawa da abin da sai dai a canka

Waɗannan wasanni suna tafiya ne a kan firem 60, wato hotuna 60 da allo ke sauyawa, a kowace daƙiƙa, kuma da firem ake auna komai a cikinsu. Mutum mai lafiyar ido, yana jiran abu ɗaya tak, yana buƙatar wajen rubu'in daƙiƙa kafin ya gani ya danna, wato kusan firem 15. In abubuwan da yake jira sun kai biyu ko uku, lokacin yakan haura firem 20. Riƙe wannan, domin shi ke raba wasan gida biyu.

Kamu a Street Fighter 6 yana fitowa cikin firem 5. Babu mahaluƙin da ke ganinsa ya ɓalle, duk wanda ka ga ya ɓalle canka ya yi. Naushin gaggawa a Tekken firem 10 ne, shi ma ba a ganinsa, haka taɗiyar Kazuya da ake yi daga takun durƙuso. Amma Drive Impact na Street Fighter 6, wato babban dukan da ke shanye naka ya wuce, firem 26 yake ɗauka, ga launuka ga ƙara. Tsalle daga tashi zuwa sauka yana cin sama da firem 40. Doguwar taɗiyar Bryan a Tekken tana dab da firem 30. Waɗannan ana ganinsu. Saboda haka in tsalle ko Drive Impact na yawan shigarka, kada ka ce an karanta ka, atisaye ne ba ka yi ba. Wasan ƙwaƙwalwa na gaskiya yana can ne inda ido ya gaza, inda dole kowa ya zaɓa a makance.

Sai dai akwai inda biyun suka haɗu, kuma a nan gwanaye ke cin abinci. Drive Impact da kake mayarwa sau goma cikin goma a filin atisaye, a wasa na gaske sai ya riƙa shigarka. Dalili shi ne an cika maka kai: kana tsaron tsalle, kana tsaron Drive Rush (rugowa da sauri zuwa kanka), kana tsaron takowa a kama ka, kana duban mita, wato ma'aunin ƙarfin da ake kashewa a kan manyan dabaru. Ƙwararre ba ya fara sakin abin da za ka gani sai ya tabbata hankalinka na wani wuri. Zai yi tsalle sau biyu tun da wuri, ko da ka kakkaɓo shi, don idonka ya koma sama, sannan ya zo ta ƙasa. Maganinsa shi ne ka rage wa kanka kaya: a kowace tazara ka yanke abu biyu da za ka tsare, sauran ka bar wa tarewa.

Lissafin da ke gaya maka juyin wa ne

Duk dukan da aka tare, ɗayanku zai riga ɗaya farfaɗowa. Wanda ya riga shi ke da riba, ana rubuta ta da alamar tarawa, ɗayan kuma yana da bashi. A Street Fighter 6 duka mafi sauri firem 4 ne. In kana da ribar 2 ka saki duka mai firem 5, naka zai riga nasa sauka da firem ɗaya. A idonsa akwai ƙofa, ya danna, ya sha dukan katsewa. Wannan shi ne tarkon firem, kuma ina kyautata zaton ɗaya daga cikin "duka uku ko huɗun" yaron nan irin wannan ne. Drive Rush yana ƙara firem 4 na riba a kan dukan da ya biyo bayansa, kuma wanda mitarsa ta ƙone, wato ta ƙare ƙaf, yana ƙara daɗewa da firem 4 a kowace tarewa, shi ya sa dukan da jiya ka mayar da martani bayansa lafiya yau ya zame maka tarko.

A Tekken lambobi uku za ka fara haddacewa. Bashin 10 ana hukunta shi da naushin gaggawa. Bashin 12 zuwa 14 yana da hukunci mafi ciwo, gwargwadon ɗan wasan da kake riƙewa a allo. Bashin 15 zuwa sama, yawancin 'yan wasa za su cilla mutum sama su yi cikakken kombo. Naushin gaggawa yana ba da ribar 1 in an tare shi, ribar 8 in ya shiga. Ma'ana, in ya shiga kana iya bin sa da dukan tsakiya (wanda durƙuso ba ya tarewa) mai firem 13 ko 15 ba tare da naushinsa ya katse ka ba. Mutum da yawa a shagunanmu suna danna maɓalli bayan an naushe su, suna kuma barin bashin 15 ya wuce ba hukunci. Duk wanda ba ya hukunta ganganci ya ba abokin karawarsa lasisin maimaita shi har a tashi.

Lungu

Yanzu ga ainihin ciwonka, mu ɗauki Street Fighter 6. An kayar da kai a lungu, kana tashi, yana tsaye a kanka. Shi yana da abu uku: ya sa duka ya tarye ka daidai lokacin tashi, ya kama ka, ko ya tako kamar zai kama sannan ya ja da baya kaɗan. Kai kuma kana da biyar ko shida: tarewa, ɓalle kamu, tsalle, Drive Parry (kariya ta musamman mai cin mita), danna duka mai sauri, ko harin da ba a katsewa, irin Shoryuken, naushin tashi sama, mai cin gida biyu na mita. Tarewa tana maganin duka da ja da baya, kamu na cin ta. Ɓallewa tana maganin kamu, amma in ya ja baya hannunka zai kama iska, ya same ka a buɗe. Tsalle yana tsere wa kamu, duka na cin sa. Drive Parry yana shanye duka, amma in aka kama ka a cikinsa ciwon ya fi na kamun kullum nesa ba kusa ba. Shoryuken yana cin duka da kamu gaba ɗaya, in kuwa aka tare shi ka shiga uku.

Babu zaɓin da ke rufe duka ƙofofin, haka aka gina wasan da gangan. Abin da ya rage shi ne ka duba farashin kowane kuskure. Yawancin 'yan wasa suna da jini 10,000, kamu na yau da kullum yana cin 1,200. Kombon da ke biyo bayan ka kama iska yana iya ninka wannan sau biyu ko uku, ya fi haka in yana da mita. To ka ga kai kana gudun asarar 1,200 kana faɗawa ta 3,000. Shi ya sa manyan 'yan wasa ke yarda a kama su sau biyu, har sau uku a jere, fuskarsu ko gezau. Kamu yana da ban haushi, musamman in 'yan kallo na ihu a bayanka, kuma wannan haushin ne yaron ke nema. Ya san bayan kamu na biyu za ka ce wallahi ba za a yi na uku ba, sai ya ja baya ya jira hannunka.

Akwai dabarar da ke rage raɗaɗin: ɓallewar jinkiri. Ka tashi kana riƙe da tarewa, sai ka danna maɓallan kamu bayan ɗan taƙin lokaci. In duka ya kawo, ka riga ka tare, dannawar ba za ta fito ba. In kamu ne, ka faɗa cikin lokacin ɓallewa. Dannawa ɗaya ta rufe ƙofa biyu. Amma ja da baya yana cin ta, haka dukan da aka jinkirta, kuma daga bayaninka yaron ya riga ya iya wannan. Don haka kada ta zama abincinka na kullum. Mai yawan ja da baya kuma yana da nasa ciwon: lokacin da yake tafiya baya ƙafarsa a buɗe take, dukan ƙasa mai tsawo zai same shi, kuma ya ba ka fili ka tako ka fita daga lungun. Ka yi masa haka sau biyu, zai koma kamu da duka, sai ɓallewar jinkirin ta sake aiki. Haka abin ke zagayawa.

Lissafin yana canjawa in jini ya yi ƙasa. In kamu ɗaya zai kashe ka, kamun da kombon farashinsu ya zama ɗaya, kuma shi ma ya san haka.

Yadda ake karanta mutum

Karatu ba duba ba ne, tattara shaida ne. Turmin farko na bincike ne, ko da za ka rasa shi. Wuri uku za ka sa wa ido: me yake yi in ya tashi daga faɗuwa, me yake yi bayan ya tare dukanka mai riba, me yake yi in jininsa ya kusa ƙarewa. A karon farko da ka kayar da shi, kada ka yi komai, ka tsaya ka tare. In ya saki Shoryuken ka samu kombo da labari. In ya kama iska, ka san mai ɓallewa ne. In ya zauna shiru, mai haƙuri ne, kamu zai ci shi. Mutane ba su iya yin abu barkatai da gaske. Wanda aka hukunta kan abu yakan bar shi nan take, wanda abu ya yi wa aiki yakan maimaita, kuma in an matsu kowa na komawa ga ɗabi'arsa ta asali. Shi ya sa abin da mutum ya yi a ƙarshen turmin farko yakan dawo a ƙarshen na uku.

Mataki na gaba shi ne ka daina jiran ɗabi'arsa, ka dasa masa wadda kake so. Ɗan dambe yakan yi ta nuna hannun kariya a fuska har abokin karawa ya saba da kallonsa, sannan dunƙulen ya zo daga inda ba a zata ba. A Tekken ana yin haka da ƙananan dukan ƙasa masu ɗan ciwo: ka tsinci ƙafarsa sau uku, sau huɗu, jinin da ke tafiya kaɗan ne amma ransa na ɓaci. Ranar da ya durƙusa, dukan tsakiya mai cillawa na jiransa. Ka sayi babban kombo da ƙananan duka. Kuskuren da ake yi a nan shi ne gaggawa: mutum ya yi dukan ƙasa sau ɗaya, ya ɗauka ya dasa tsoro, ya saki dukan cillawa mai bashin 13, a tare a hukunta shi. Sai ka ga alamar ya fara durƙusawa tukuna.

Abin da ya faru a Evo, babbar gasar wasannin faɗa, ta 2004 a California misali ne mai kyau. Daigo Umehara na Japan, yana riƙe da Ken da ɗigon jini, ya kakkaɓe, wato ya kare kowanne daidai lokacin saukarsa ba tare da asarar jini ba, duka 15 na babban harin Chun-Li da Justin Wong ya saki a Street Fighter III: 3rd Strike, sannan ya juya ya ci turmin. Mutane suna yaba yatsun, kuma sun cancanci yabo, amma kakkaɓewar farko ba a yin ta da gani, sai an riga an shirya mata. Daigo ya san ko tarewa ya yi harin zai cinye ɗigon jinin da ya rage, ya san Justin ya san haka, don haka ya tsaya a tazarar da ta dace yana jira.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: duk wannan yana aiki ne a kan wanda ke kallonka. Akwai masu danna maɓalli ba ji ba gani, ba sa lura da abin da ka yi balle su ji tsoronsa. In ka tsaya yi wa irin wannan dabara mai hawa uku, kai za ka sha kashi. Shi tarewa, hukunci da tarkon firem kawai yake buƙata. Kada ka wuce abokin karawarka da fiye da taki ɗaya a tunani.

Dabarun hannu da suka cancanci wahalarsu

Ba kowace dabara mai wuya ce ke biyan lokacin da aka kashe mata ba. Ta farko a wurina ita ce tabbatar da duka: ka saki duka biyu marasa haɗari, idonka na kan ko sun shiga, in sun shiga ka ƙarasa, in an tare ka tsaya. Wanda ke ƙarasa kombo a kan mai tarewa kyautar jini yake rabawa. Ta biyu hukunta dukan iska: ka tsaya daidai bakin inda dukansa mafi tsawo ke ƙarewa, ka taka ciki ka fita, ya saki ya kuskure, ka daki hannun ko ƙafar kafin ta koma. A Tekken wannan ne amfanin ja da bayan da aka san 'yan Koriya da shi: baya, baya, ƙasa-baya, sannan baya da sauri a sake, kana katse ƙarshen kowane taku da ɗan durƙuso. Inda ake lalata shi shi ne daɗewa a durƙushe, dukan tsakiya ya same ka, ko yin sa har bayanka ya taɓa bango. Ka koye shi a ɓangarorin allo biyu, domin babban yatsa yakan iya gefe ɗaya ya kasa ɗayan.

Sai ɓalle kamu a Tekken, wanda ba kamar na Street Fighter ba, ana iya koyon ganinsa. Kana da wajen firem 20, kuma hannun da ya miƙo ne ke gaya maka: na hagu a gaba ka danna 1 (maɓallin naushin hagu), na dama ka danna 2 (na naushin dama), duka biyun ka danna 1 da 2 tare. Kamun gama-gari kuwa ko wanne daga 1 ko 2 yana ɓalle shi. Shahararren naushin lantarki na gidan Mishima, irin su Kazuya, mai buƙatar ƙasa-gaba da maɓallin 2 su sauka a firem ɗaya, yana ba da ribar 5 in an tare, amma dukan sama ne, ana durƙushe masa. In ba Mishima kake riƙewa ba, sanin hakan ya ishe ka.

Abubuwan da ke wajen allo

A shago kuna zaune kafaɗa da kafaɗa. Yana jin ƙarar maɓallanka, yana ganin yatsunka ta gefen ido. In kana ta murza pad tun kana kwance, ka sanar da shi Shoryuken na zuwa. Wasu ma da gangan suke ƙwanƙwasa maɓalli lokacin da dannawar ba ta da tasiri, don ka ɗauka za su yi wani abu. Tsokana da cika baki su ma makami ne, kuma alamar sun kama ka ita ce ka riƙa danna sake wasa cikin daƙiƙa ɗaya. Ka dakata, ka tambayi kanka abu ɗaya: wane duka ne ya fi cin jinina a wasan nan? A gasa yawanci wanda ya fara cin wasa biyu ne ke wucewa, sai a matakan ƙarshe a koma uku, kuma wanda aka ci ne ke da damar canja ɗan wasa. Lokacin gyara gajere ne.

Talabijin ma tana da hannu. Da yawa daga cikin na shaguna suna ƙara jinkiri in ba a sa su a yanayin gem ba, kuma firem uku ko huɗu sun isa su mayar da abin da ake gani ya koma na canka. A intanet kuma, duk da waɗannan wasanni suna da tsarin da ke ɓoye jinkiri, wayar da aka jona kai tsaye ta fi Wi-Fi, kuma karawa da wanda ke Turai daga Jos ba wurin gwada saurin ido ba ne. Ga sanyin Disamba da Janairu na garin nan: yatsu masu sanyi suna zubar da kombo, ka ɗumama hannu ka yi minti biyar a filin atisaye kafin wasan da ka damu da shi. Kada kuma ka raina shagon. Arslan Ash na Pakistan, wanda ya ci Evo Japan da Evo na Amurka a Tekken 7 duk a 2019, a irin waɗannan wuraren wasa na Lahore ya goge, gaba da gaba da mutanen da suka san duk ɗabi'unsa.

Ta inda za ka fara

Ka ajiye sabon kombo na wata guda. In kana da minti 30, ka ba hukunci 10: ɗauki duka biyar da yaron ya fi yi, ka naɗa wa kwamfuta su a filin atisaye, ka duba lambobinsu, ka nemo amsar kowanne. Street Fighter 6 yana da ma'aunin firem a ƙasan allo, Tekken 8 yana nuna lambobin, kuma yana barinka ka karɓi ragamar ɗan wasanka na daƙiƙa 10 a cikin bidiyon wasan da ka riga ka buga, ka gwada wata amsa a daidai inda aka ci ka. Minti 10 na biyu ka naɗa abu uku, tsalle, Drive Impact da takowa a kama, ka sa su fito barkatai, har da gurbi ɗaya da ba ya yin komai, don kada ka saba da dannawa a makance. Na ƙarshe ka sa kanka a lungu ka gwada ɓallewar jinkiri a kan duka da kamu har lokacinta ya zauna a hannunka.

Sannan ka nemi yaron ku yi doguwar karawa, wanda ya fara cin goma, ko da kai za ka biya kuɗin lokacin. A wasa biyu sa'a na iya raba gardama, a goma ɗabi'a ce ke fitowa. Ka sa wani ya ɗauki allon da waya, ka ƙirga sau nawa ka tashi a lungu da abin da ka zaɓa kowane karo. In abu ɗaya ya haura rabi, ka ga abin da yake gani ke nan. Daga baya ka tambaye shi kai tsaye me yake lura da shi a wasanka. Yawancin 'yan wasa suna faɗa in an tambaye su cikin mutunci.

Lambobin da na kawo na gama-gari ne, kamfanonin suna gyara wasu a duk sabuntawa, wasu 'yan wasa kuma suna da nasu na daban, don haka abin da filin atisayen na'urar shagonku ya nuna shi ne hujja. Ban kuma ga wasanka da idona ba, bayaninka na bi. Ko bayan ka yi duk wannan za a ci gaba da kama ka a lungu wani lokaci, domin canka canka ce, gwanayen duniya ma suna faɗuwa a kanta. In ka samu bidiyon karawar goman, ka turo tare da sunan ɗan wasan da kake riƙewa da nasa, sai mu duba wuraren tashi ɗaya bayan ɗaya.